Layin Man Zabaya a Tsakar Rana

Zuwa ga Hajiya, shugabar ƙaramin asibitin yankinmu a ƙasar Kabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki. Allah ya ƙara miki juriyar zama da mu, don na san ba mu da sauƙin yi wa aiki.

Sunana Rabi'atu, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Gwarzo. Ba lallai ki tuna sunan ba, amma ƙila ki tuna fuskar, don kin taɓa riƙe ta da hannu biyu a bakin taga kina jujjuya ta kamar mai sayen ƙwarya. Ina shekara ta biyu a jami'a a lokacin. Na dawo hutu fuska jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, na zo miki da kukan ƙuraje. Ba ki tambaye ni komai ba, kika ce in koma gida in kwaso miki duk abin da nake shafawa. Na kawo kwalabe uku. Kika jera su a kan tebur, kika karanta mini abin da ke rubuce a jikinsu ɗaya bayan ɗaya, ni da nake ganin duk gidanmu ba wanda ya kai ni Turanci. Daga ranar ban ƙara taɓa man bilicin ba. Kalar da nake da ita yau ita ce wadda Inna ta haife ni da ita, kuma ke kika dawo mini da ita.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka maƙiyiyarki ce ta rubuto. Kowa a yankin nan ya san ke ce kike tsayawa ranar awon ciki ki kama hannun mace ki nuna wa sauran abin da man bilicin ya yi mata, ba tsoro ba cin fuska. Kuma ke ce kika yi ta zirga-zirga zuwa Kano har wata ƙungiya ta yarda tana aiko wa zabayan yankinmu man kariya daga rana kyauta. Kafin ke, ba mu taɓa jin akwai irin wannan mai a duniya ba.

Ƙorafina a kan yadda ake raba man nan ne yanzu. Sau biyu na zo in faɗa miki baki da baki, duka biyun kina ɗakin haihuwa, ni kuma ban ga dacewar in fito da ke daga can ba. Ban da haka, akwai waɗanda ya kamata su ji maganar tare da ke, shi ya sa na rubuta a fili.

Na farko, wanda nake magana a kansa. Yayana ne, Habibu, zabiya, manomi a wani ƙauye bayan Masanawa. Shi ya noma geron da aka sayar na yi karatu. Tun ina yarinya na san ƙeyarsa da kunnuwansa kullum a saɓule suke, sai mu ce ai haka fatarsu take. Shekarar da kika fara ba shi man nan, kika kuma sa shi ya sayi malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, a shekarar na fara ganin ƙeyarsa lafiya lau. Ba ya son malfar, wai tana sa shi kama da mai kiwo, amma yana sawa don tsoronki.

Na biyu, abin da ya ɓata tsarin, kuma a nan laifin namu ne. A da kina barin ɗan'uwa ya karɓar wa ɗan'uwansa. Sai wasu masu zurfin tunani a cikin matan garinmu suka duba suka ga zabaya na shafa wani mai, zabaya kuma farare ne, suka yanke hukunci cewa ai ga inda farin yake fitowa. Yaya Habibu ya yi shekara arba'in da farinsa kafin man ya iso ƙasar Kabo, amma wannan bai dame su ba. Ƙanwar matarsa ce ta karɓo masa na wata guda ta wuce da shi gyaran jikin bikinta. Ta shafe shi tas cikin mako biyu, ta shiga ɗakin miji da kalarta ta gado, shi kuma ya yi shara a gona wata guda ba mai. Na san ba ita kaɗai ba ce. Da labari ya iso gare ki kika ce daga yau sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Da ni ce a kujerarki, abin da zan yi ke nan, ƙila ma da zagi a kai.

Na uku, yadda dokar take aiki a ƙasa. Ranar Talata ake rabawa, kuma sai an gama rigakafin yara, domin yarinyar da ke riƙe makullin sito ita ce mai rubuta katin rigakafi. Ba a gamawa sai wajen sha biyu. Ƙofar siton tana bayan gini, inda babu baranda babu bishiya. A nan zabayan yankinmu suke yin layi, daga sha biyu zuwa bayan azahar, suna jiran man da zai kare su daga rana. Na tsaya na gani da idona a hutun da ya wuce. Akwai wata mata daga wajen Getso da 'yarta zabiya a goye, ta cire mayafinta ta lulluɓe yarinyar, ita kuma ta tsaya haka. Ke kika koya mana cewa daga hantsi zuwa la'asar zabiya ya nemi inuwa. Na tabbata ba ki taɓa zagayawa bayan ginin a wannan lokacin ba, don a lokacin kina ciki mutum talatin na kiran sunanki.

Yaya Habibu a keke yake zuwa. Idonsa ba ya jure haske, saboda haka komawa gida da tsakar rana kusan a makance yake yi. Ya je sau uku. A na ukun ya dawo wuyansa ya yi bororo, ya ce wa matarsa in dai ƙonewa ce gara ya ƙone a gonarsa, a can ko ba komai zai tashi da gero. Wata huɗu ke nan bai koma ba.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya hana ni yin shiru. Akwai wani gyambo a saman kunnensa na dama. Bai fi ƙwayar wake ba da ya fara. Yana yin ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya yi jini, ya sake yin ɓawo. Tun kafin damina yake, har yau bai rufe ba, kuma a ganina ya ƙara faɗi. Shi ya ce kara ne ya soke shi, matarsa na shafa masa man shanu. Ni kuwa ina zaune a bayan aji ranar da kika zo makarantarmu kika gaya wa ɗalibai cewa ciwon da ya ƙi warkewa a jikin zabiya ba abin jira ba ne, yana iya zama dajin fata, kuma wanda aka gani da wuri shi ake cirewa a huta. Ɗaliban sun manta, ni ban manta ba. Ga girbin gero ya matso, zai wuni a sunkuye kunnen nan na kallon sama.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa, Hajiya.

A mayar da rabon man zuwa sassafe, kafin a fara rigakafi, ko kuma bayan la'asar. In makullin ne matsalar, a fito da kwalin tun ranar Litinin ya kwana a ofishinki, inda na tabbata ko ɓera ba zai yi gangancin taɓa shi ba.

A dawo da layin barandar gaba. Masu rigakafi ba za su rasa wurin zama don mutum goma sha wani abu ba.

Wanda yake nesa, a ba shi damar ya zaɓi mutum ɗaya da kika sani, ya riƙa kawo robar da ta ƙare yana karɓar sabuwa, shi kuma mai shi ya zo duk bayan wata uku ki duba fatarsa. In kika ga alamar man bai taɓa jikinsa ba, kin san wanda za ki kama. Ni na yarda a rubuta sunana a kan na Yaya.

Sannan ranar awo, idan kin gama da masu bilicin, ki ƙara musu magana ɗaya, cewa man zabaya ba ya sa fari. Daga bakina ba za su yarda ba, za su ce 'yar boko ce take so ta ɓoye wa kanta. Daga bakinki za su yarda.

Talata mai zuwa na nemi izini a makaranta. Zan ɗauko Yaya Habibu a mashin tun da asuba, in sha Allahu ƙarfe bakwai muna ƙofarki. Na gaya masa mai za mu karɓa, don in na ce kunne ne ba zai hau mashin ba. Ba man ne ya dame ni ranar ba. Ki kai shi bakin tagar nan, ki cire masa malfar, ki riƙe kansa da hannu biyu kamar yadda kika riƙe nawa, ki gaya masa gaskiyar abin da kika gani. In ciwon na asibitin Kano ne, ki rubuta takardar, ni zan kai shi. Ba ya jin maganata, har yanzu yarinyar da ya goya yake gani. Taki yake ji.

Allah ya saka miki da alheri, ya kare ki da zuriyarki, ya sa aikin nan ya zame miki inuwa ranar da kowa zai neme ta.

Wassalam.

Rabi'atu, ƙanwar Habibu,
daga Gwarzo.