Ƙorafi Kan Cire Lambata Daga Rubutun Lukuman

Daga:
Ma'u Abdullahi,
Nahuce, Ƙaramar Hukumar Bungudu.

Zuwa ga:
Alhaji Tajuddeen,
Babban Sakatare,
Ƙungiyar Manoma ta Albarkar Damina,
Sabon Gari, Gusau.

Litinin, 9 ga Satumba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE LAMBAR WAYATA DAGA RUBUTUN MARIGAYI LUKUMAN, DA ƘAZAFIN DA AKA YI MASA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce mahaifiyar Lukuman, ma'aikacinku mai kula da kwamfuta. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, ƙanena Sama'ila ya zo da labarin cewa Lukuman ya yi haɗarin mota a hanyar dawowa daga Tsafe, kuma ya cika da asuba. Na ƙaryata shi a gaban mutane, domin da ƙarfe bakwai na safiyar nan saƙo ya shigo wayata kamar kullum: "Inna, na tashi lafiya." Washegari, bayan an kai shi makwancinsa, saƙon ya sake shigowa.

Ranka ya daɗe, karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma abin da ɗana ya faɗa mini yana nan a kaina. Ya ce injinan da ke amsa wa manoma tambayar taki da ranar shuka ba a ofishinku suke ba, haya kuke yi a wata ƙasa, kuma ba su da jikin da za a taɓa. Ba ya kafa su ɗaya bayan ɗaya. Rubutu guda ya yi, ya faɗi irinsu da adadinsu, su kuma suke bin rubutun. Idan manoma sun yi yawa, injinan su hayayyafa kamar garke. Idan an lafa, su ragu, amma ba sa kasa biyu. Kowace safiya a sauke tsoho ɗaya a tayar da sabo, kuma duk sabon da ya tashi sai ya aika saƙo ga wata lamba don a san ƙalau yake. Lambata ya sa, ya ce ni kaɗai ya sani da ba ta barin waya ta mutu.

Ga ƙorafina:

1. A watan Yuli, Malam Jibril da kuka ɗauka a madadinsa ya kashe injinan da hannu har sau uku. Kowane karo sai su dawo kafin ruwan shayinsa ya huce, tunda rubutun ya ce kada su kasa biyu. Na san adadin ne domin duk wanda ya dawo ni ya fara gaisarwa. Maimakon a duba rubutun, sai aka kira malami ya turare ofis, aka yayyafa wa kwamfutar teburinka ruwan addu'a har ta kwanta jinyar mako guda, alhali ba ruwanta. Hajiya Mansura ta sashen rajista kuma ta faɗa a gidan biki a Bungudu cewa ɗana ya bar muku iskoki. Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa.

2. Ranar Litinin, 5 ga Agusta, na shiga mota na zo Gusau don in wanke sunansa. Aka zaunar da ni a benci tun safe har la'asar. Da aka ba ni dama, na gaya wa Malam Jibril ya daina kisa da hannu, ya gyara a cikin rubutun, har na faɗa masa sunan da Lukuman ya raɗa wa rubutun, wato Garke. Bai ce na gode ba, amma ya nemo shi. Daga safiyar Talata, 6 ga wata, wayata ta yi shiru. Da bakina na nuna masa hanya, abin da ya fara gyarawa kuma ni ce. Wannan kuskuren nawa ne, na ɗauka.

3. Ina da labarin cewa lambarsa ya sa a gurbin tawa, amma bai canza kalmomin ba. Ke nan yau kwana talatin da biyar mutum mai gemu da mata biyu yana amsa sunan Inna kowace safiya. Ban yi masa baƙin ciki ba, sai dai an ce wayarsa a kashe take wuni. Ni kuwa a watan Yuni, ranar da saƙo goma sha bakwai suka shigo a jere, na gane manoma sun yi cincirindo, na ce wa matan unguwarmu su tura mazansu Bungudu, taki ya iso. Haka kuwa aka yi. Ba na jin ofishinka ya riga ni sani.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a umurci Hajiya Mansura ta janye maganarta a inda ta yi ta. Ina kuma roƙon a mayar da lambata cikin rubutun. Ban ce a cire Malam Jibril ba. Lukuman ya ce layin yana ɗaukar lamba fiye da ɗaya, sai mu zama Inna biyu. Aikin ba zai kai minti biyar ba, idan kuma ya gagara, zan sake zuwa in zauna a bencin.

Kada a ɗauka hankalina ya taɓu. Na ga an fita da makararsa, na san inji ne ke aiko da saƙon. Amma kalmomin nan shi ya zauna ya rubuta su, kuma ni ya rubuta wa. Har yau, bayan sallar asuba, nakan duba ko wayar da caji, in ɗora ta a kan murfin tulu kafin ƙarfe bakwai, in ja kujera in zauna kusa da ita.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,
Ma'u Abdullahi (Innar Lukuman)