Ranar da Inno Ta Kira Sunan Ɓoɗejo

Tudun Ƙofa, Keffi
Maris, 1953

Zuwa ga ƙanwata Sa'a,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Nasarawa?

Jikin Yaya Ɓoɗejo sai addu'a. Yana zaune ma haki yake. Likita ya ce ƙurar farar audugar nan ce da suke naɗe bututun inji da ita a wurin haƙar kuza, inda ya yi aiki bayan shanunmu sun ƙare. Wai takan kwanta shekaru a huhu kafin ta tashi.

Na kai ƙarar kamfanin kuzar, ina nema masa diyya. Wakilin kamfani ya ce wa'adin kai ƙara wata shida ne daga barin aiki, Yaya kuwa ya bar aiki tun kafin yaƙi. Alƙali ya yarda a ƙirga daga ranar da likita ya gano ciwon, amma sai mai ciwo ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Ko a haka, wa'adin zai cika ƙarshen watan nan. Kin san Yaya da fulaku, kunyar nan tamu ta Fulani. Da aka tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce da sauƙi. Aka ɗage zama. Ina ta tunani ko ni ne ban iya lallashinsa ba, ko kuwa tsayar da shi gaban jama'a cin fuska ne.

Ki gai da kowa.
Yayanki, Jibril

Afrilu, 1953

Sa'a ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya tarin 'yarki Huraira?

Ranar zama na ƙarshe Inno ta biyo mu, ban ma san ta tsufa haka ba sai da na ga tafiyarta. Aka sake tambayar Yaya, ya sake sunkuyawa. Sai Inno ta miƙe. Ke shaida ce, tunda ɗan farinta ne ba ta taɓa ambatar sunansa ba. Ta kira shi, Sa'a, gaban kowa, ta ce ya faɗi gaskiyar hakin da take ji yana yi ta bayan zana.

Ya faɗa, yana tsayawa yana jan numfashi. Alƙali ya karɓi ƙarar, za a saurara bayan ƙaramar salla. Ko za mu yi nasara, Allah masani, amma ƙofa ta buɗe.

Da muka koma gida ta ci gaba da ce masa "wancan" kamar da. Sai dai tabarmarta yanzu a ƙofar ɗakinsa take.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Jibril