Dutsen da Muka Gangarar

Litinin, 3 ga Oktoba
Kanji, mijin jikata Chizuru, ya kafa turakun sabon gidansu daf da dutsen gargaɗin ambaliyar teku, ta sama. Har ya karanta mini rubutun jikinsa, sai ka ce ban iya ba: "Nan teku ya kawo. Kada a yi gini ƙasa da nan." Na ce, "Mai kunnen tulu, ashe ka yi makaranta." Muka yi dariya. Shinkafar rana ta ƙi wuce mini.

Alhamis, 6 ga Oktoba
Ba nan ne mazaunin dutsen ba. Can sama yake, gindin itacen al'ul, tsakiyar fili ɗaya tak da muke da shi na shanya ganyen teku. Shekarar aurenmu ni da marigayi Tomekichi muka gangaro da shi kan gungume. Taki ɗari da arba'in. Ni ce ma na ba da shawarar. Masu taswirar gari suka zo daga baya, suka zana shi inda suka tarar.

Asabar, 8 ga Oktoba
Na faɗa musu. Chizuru har da riƙe ciki. "Kaka ke nan! Ba ke kika ce tsibirin bakin gaɓa kunkuru ne da ya ƙoshi ya kasa tashi ba?" Kanji ya ce, "Yau kuma dutse ne ya yi ƙafa?" Na rantse da kabarin tsohon. Suka ƙara mini shayi.
Wata biyar cikinta.

Litinin, 10 ga Oktoba
Teku lumui yau. Munafuki.

Laraba, 12 ga Oktoba
Shekara hamsin ina zuba wa yaran garin nan ƙarya mai daɗi, suna haɗiyewa. Gaskiya ɗaya ta kama ni, babu mai saye. Duk wanda ya san dutsen a sama ya mutu. Tomekichi, ka gudu ka bar ni da kaya, halinka ne.

Juma'a, 14 ga Oktoba
Na ɗauki fartanya na hau zuwa gindin al'ul ɗin ni kaɗai. Gwiwoyin nan, kada a tambaya. Kanji ya biyo ni yana "Kaka, za ki kashe kanki!" Na ce to karɓi ka tona. Bai kai kamu biyu ba fartanya ta yi ƙara: gindin dutsen, da ramin da aka sassaƙa masa. Ya sauka ya auno, ya dawo. Ya daɗe yana kallon turakunsa can ƙasa. Bai tsokane ni ba. Da ma ya yi.

Lahadi, 16 ga Oktoba
An cire turakun. Gobe dattawan gari za su zo jin yadda aka yi, da bakina. Chizuru ta kawo mini miya, ta tsaya bakin taga ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Kunkurun fa, Kaka?" Na ce tsibiri ne kawai, mutum tara suka tsira a kansa shekarar ambaliyar, na lissafa mata sunayensu.
Ba wai na daina ƙaryar ba ne. Maƙogwaro ne ke damuna.