'Yar Katifa a Kan Sirdin Fawaz

Jidda,
Jimada Lakir.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin aikina, Malam Na'ibi, a Gumel.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da gwiwar nan da ta hana ka sujada tun muna unguwar Karantina. Yaya sanyin Gumel? Allah ya sa ba ya shiga maka ƙashi. Ni dai ga ni, numfashi yana shiga yana fita, sauran jiki kuwa ya ajiye aiki.

Ka sa Tahani jikata ta tambaye ni ko ina fita. Ba na fita. Tun da aka rushe unguwarmu ka koma gida, 'yata Mastura ta kawo ni hawa na uku na wani gida a arewacin gari. Babu lifta, ƙafafuna kuma ba sa iya matakala. Mutum ɗaya ne yake saukar da ni, Fawaz, babban ɗanta, wanda ka sani yana birgima cikin audugar shagonmu na katifa. Yanzu ƙato ne, yana aiki a kantin magani. Kowace Juma'a yakan goya ni ya kai ni mota mu je masallaci, a dawowa mu tsaya shan shayi, yana yi mini gurguwar Hausarsa. Wannan ita ce fitata, kuma ita ce hirata ta mako.

Ita ma an karɓe. Ba mace ce ta karɓe shi ba, da na yi murna. Keke ne.

Ya shiga ƙungiyar wasu samari marasa aikin yi da safiyar Juma'a. Daga sallar asuba su bi Kurnish, titin bakin teku, su nufi garuruwan arewa, har Dahaban, har Tuwal, su yi Juma'a inda ta same su. Ya dawo da la'asar fuska kamar gasasshen kifi. Ni kuwa in yi wanka, in sa farar riga, in zauna bakin taga ina jin huɗubar wasu ta lasifika, sannan in yi azahar a zaune kamar mai jego.

Ya shigo da keken ɗakina don in gani. Na'ibi, ka tuna kekenmu da muke ɗora katifa biyu a baya? Wannan da yatsa biyu ake ɗaga shi. Amma ba keken ne ya ba ni haushi ba, sirdin ne. Wani baƙin abu siriri, wai kabon, kamar tsingaron tukunya da aka goge, da tsaga a tsakiya. Babu soso, babu auduga, babu fata, ko ƙyalle babu. Na ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara kamar faranti. A kan wannan ɗan mutum yake zama tun asuba har rana ta take, kuma ya dubi idona ya ce ya fi daɗi a tafiya mai nisa.

Ga hujjarsa, ka ji ka yi dariya. Wai abu mai laushi yana nutsewa ya danne nama da jijiya, ya riƙe gumi, ya goge fata. Mai tauri kuwa, in faɗinsa ya dace, ƙasusuwan mazaunai ne kawai suke hawa kansa. Ya faɗa wa wanda ya ƙare ransa yana cusa auduga a katifa cewa laushi cuta ne. Na tambaye shi a kan me uwarsa ta haife shi, a kan kabon? Ya yi dariya ya sumbaci kaina ya ce da Larabcinsa, halas ya Sidi, wato shi ke nan Kaka, ya fita da kekensa a kafaɗa. Keken ake goyawa yanzu.

Ka gaishe da Hajiya da yara. Tahani za ta ɗauki hoton takardar nan ta aika wa ɗanka, ka sa ya karanta maka a hankali, hannuna ya fara rawa.

Naka har kullum,
Muntaka.

Jidda,
Rajab.

Zuwa ga Malam Na'ibi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da fatan kana lafiya kai da mutanen gida. Na ji an yi maka jika mace, Allah ya raya ta, ya sa kada ta auri mai keke. Jikina yana nan yadda ka bar shi.

Ka ce in yi haƙuri, zamani ne. To ga abin da zamanin ya ƙara yi. Na tambayi Fawaz yadda aka san faɗin da ya dace da shi, sai ya kawo kwalin firij ya shimfiɗa a kan benci, ya zauna, ya tashi, ya nuna mini ramuka biyu da ƙasusuwansa suka bari, ya auna tsakaninsu da rula. Mutum mai gemu, mai takardar jami'a, yana auna gindinsa a gaban kakansa. Mu da muka yi wa amare da alhazai da masu ciwon baya katifa, ka taɓa ganin mun ce wa wani ya zauna a kwali?

Sannan na gano munafuncin. Na ga wandon da yake sawa a kan igiyar shanya, matsattse kamar fatar maciji, an ɗinke masa siririn soso a ƙasa. Ashe sun cire katifa daga sirdi sun mayar cikin wando, kamar kunzugun jariri. Da na faɗa masa ya ce wannan yana tafiya tare da jiki, ba ya gogar fata. Komai sai ya samo masa amsa.

Yanzu suna shirin babbar tafiya, har garin Rabig gaba da Tuwal, su kwana su dawo. Juma'a ke nan har da Asabar. Na daina tambayarsa ko zai sauke ni, ba na roƙon jika.

Amma na yi wani abu. Na sa Mastura ta ciro mini basillata da zaren da na taho da su daga shago. Na farke gefen katifata na zaro auduga, tsohuwar auduga ta gaske wadda muka yi wa shiɓa da hannu, ba soson yanzu ba. Na yanki jan karammiski daga tsohon filon matata marigayiya Inno. Na ɗinka wa sirdin 'yar katifa daidai shi, na yi mata maɓalli a tsakiya da ƙarin ɗinki a gefe irin wanda kake cewa babu mai yin sa a Jidda sai ni, na sa mata igiyar ɗaurewa ta ƙasa. Abin da da zan gama kafin shayi ya huce, ya ci mini kwanaki, kuma Tahani ce take zura mini zare. Amma Na'ibi, ta yi kyau. Na daɗe ban ga abin da ya fito daga hannuna ba.

Na ba shi a gaban uwarsa, don kada ya sami hanyar ƙi. Ya juya ta, ya dube ni, ya buɗe baki zai yi bayani, Mastura ta harare shi ya rufe. Ya ɗaura ta da kansa. In ba zai ɗauke ni ba, ya ɗauki aikina. Su abokan nasa masu zama a kan faranti su ga yadda ake yi wa ɗan'adam wurin zama, na san za su zo tambaya.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da duk wanda ya san ni.

Ɗan'uwanka,
Muntaka.

Jidda,
ƙarshen Rajab.

Zuwa ga Malam Na'ibi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, kuma an yi suna lafiya. Mu nan da sauƙi, sai dai muna da mara lafiya a gida.

Fawaz bai isa Rabig ba. A mota aka dawo da shi, kwance rub da ciki, keken a sama.

Ni na ɗauka da ya sha kwana zai kwance ta ya sa a aljihu, kamar yadda duk yaro mai wayo zai yi. Bai kwance ba. Abokinsa da ya kawo shi ya gaya wa Mastura cewa tun daga Kurnish suke yi masa dariya, suna kiran sa ango. Da rana ta ɗaga, auduga ta sha gumi ta dunƙule ta koma gefe, maɓallin ya zo daidai inda bai kamata ba, ɗinkin gefen kuma ya riƙa gurzar cinyoyinsa. Bayan Tuwal suka ce ya cire, ya ƙi. Ya ci gaba har fata ta sale, jini ya fito ta wando, shugabansu ya hana shi hawa.

Kada ka ce mini komai. Na yi wa mutum katifa ne don ya zauna kamar mai hankali, ban yi don wanda zai yini yana murza ƙafa kamar mai dakan hatsi ba. Fatar yaran yanzu ma kamar takardar sigari take. Kuma wa ya ce kada ya cire? Na tambaye shi haka, da faɗa. Yana kwance, fuska a filo, ya ce da Hausarsa, "Sidi, kai ka ɗinka."

Na juya ina gyara carbi.

A ɗakina yake jinya, don ya ce katifata ta fi tasa, ka ji mai cewa laushi cuta ne. Kwanaki muna tare. Na ba shi labarin shagonmu, da yadda ka taɓa ɗinke almakashi cikin katifar wani Bahadrame ɗan Yaman. Ya yi dariya har ciwon ya motsa. Tun rasuwar Inno ban yi magana mai yawa haka ba.

Ranar Juma'a na yi wanka na sa riga don sabo kawai. Sai na ga ya miƙe, ƙafafu a ware kamar sabon kaciya, ya durƙusa ya ba ni baya ya ce yalla, mu je. Zama ne ba ya iyawa, tsayuwa yana iyawa. Muka sauka a hankali yana cije leɓe. Keken nan ya cinye duk naman da ke jikinsa, bayansa ya zama ƙashi da jijiya zalla. Ni ma ƙashin ne. Da yana da ƙiba, sulɓewa nake yi ina riƙe wuyansa. Wannan karon ƙashi ya sami ƙashi ya zauna, ban motsa ba har ƙasa. Ban faɗa masa ba, kai ma kada ka sa ɗanka ya faɗa wa Tahani. Maƙwabci ne ya tuƙa mu, Fawaz yana durƙushe a kujerar baya. Na yi Juma'a cikin sahu.

Allah ya bar zumunci. Gaisuwa ga Hajiya.

Naka,
Muntaka.

Jidda,
Sha'aban.

Zuwa ga Malam Na'ibi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da shirin azumi. Allah ya nuna mana da rai. Na ji dariyar da ka yi a saƙon murya, har tari ya sarƙe ka. Ta ishe ka.

Fawaz ya warke. Na san zai koma, kuma ya koma. Ranar Alhamis ya shigo da keken, ga 'yar katifata a kai. Mastura ta wanke ta, shi kuma ya sake ɗaurawa. Ya ce daga yanzu zai riƙa juyowa daga Dahaban shi kaɗai, ya bar su su wuce, don ya same ni kafin liman ya hau mumbari. Na tambaye shi ko zai iso. Ya ce zai yi ƙoƙari. Na tambaye shi a kan wanne ya fi sauri, da ita ko babu ita. Ya dubi ƙasa.

Na ce ya matso da keken. Igiyar ta ƙulle, yatsuna suka kasa, na sa haƙorin da ya rage mini na kwance ta. Baƙin tsingaron ya fito tsirara yana ƙyalli, mummuna kamar ranar da na fara ganin sa. Na ce masa karammiskin kakarsa ya fi ƙarfin gindin ɗan keke, ya tafi ya zauna a kan farantinsa.

Kada ka ɗauka na yarda. Wannan abu ba sirdi ba ne, kuma wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa son ɗan'adam ba. 'Yar katifar tana ƙarƙashin gwiwar hannuna a bakin taga, daidai wurin kamar don shi na yi ta.

Yau Juma'a. Na yi wanka, na sa farar riga, hulata tana kaina. Ladan bai kira ba tukuna. Zan tsaya nan, don na ji ana hawo matakala da takalman nan nasa masu ƙwas-ƙwas kamar kofaton jaki.

Ka huta lafiya.

Ɗan'uwanka,
Muntaka.