Abin da Shugabarmu Ta Faɗa a Walimar Godiya

Setapak, Kuala Lumpur

Yaya Hasanatu,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Umma? Mu nan lafiya lau, sai ɗan jiri da safe, ba wani abu ba ne.

Yaya, bari ki ji abin da ya faru. Shugabarmu a ofis Ba'amurkiya ce, ta ce a ƙasarsu akwai ranar godiya a watan Nuwamba. Aka kawo abinci daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, muka zauna nesa da juna saboda korona, kowa na faɗin abin da yake godiya a kai. Da aka zo kanta, sai matar nan ta nuno ni, ta ce a shekarar nan ta mace-mace, ita abin godiyarta shi ne Surayya na da ciki! Gaban maza, Yaya! Aka hau tafi. Na ja takunkumi har ido, na rasa inda zan sa kaina.

Ita kaɗai na gaya wa, don ta bar ni in riƙa aiki daga gida. Ga Haliru ɗan maƙwabtanmu na gida, da muke aiki tare, yana wurin, kin kuwa san bakinsa.

Don Allah ki riga uwarsa zuwa wurin Umma, ni kam ba zan iya ba. Ki ce kada rufe iyaka ya dame ta. Maigida ya sayo ƙatuwar tukunya, wai shi zai riƙa dafa min ruwan jego. Ki tambayo mana ita yadda ake yi, nan ba mu da wanda za mu tambaya.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙanwarki,
Surayya