Babban Lilon Illo Ba Ya Rabuwa

Ya juya! Wallahi ya juya! Yau Laraba da hantsi babban lilon nan mai kama da tayar keke, wanda aka daɗe ana yi mana dariya a kansa, ya ɗauki kujerunsa ya kai su sama ya sauko da su lafiya. Haliru na riƙe da inji, Zainulabideen na gindin ƙarfe yana duba notuna, ni kuwa ina kan tabarma ina hawaye kamar an yi mini haihuwar fari.

Ku gafarce ni, murna ta sa na tsallake sallama. Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Assalamu alaikum 'ya'yana, Haliru da Zainulabideen da Asama'u, da uwarku Zuhura, da jikokina baki ɗaya. Ni ne Ɗanmusa Mai Lilo na Illo, a ƙasar Bagudo. Hankalina cikakke ne, ba wanda ya tilasta ni, kuma daɗin yau bai ɗauke mini tunani ba. Da hannuna nake rubutawa, da bokon da na koya a ajin yamma na manya bayan furfura ta fara fito mini, don haka in kun ga harafi ya karkace ku yi masa uzuri. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ni ma jikina ya faɗa mini tun kafin shi. Gara in bar muku magana a rana irin ta yau, da in jira ranar da numfashi zai yi mini gardama.

Na ɗaya. Rabon gado ba nawa ba ne, Allah ya riga ya raba. Ku kira malamai su fitar wa kowa haƙƙinsa a gida da gonar shinkafa da shanu. Bashi ban san wani na bina ba, amma in wani ya zo da magana ku saurare shi kafin a ɗauke ni. Roƙona a kan filin wasa ne da kayansa: a san rabon kowa a ciki, amma kada a yanka shi. Lilo ba sa ba ne da za a feɗe kowa ya ɗauki cinya. In Haliru ya ɗauke injinsa, Zainu ya kwance ƙarafansa, abin da zai rage muku sai dai ku kai wa masu awon tsohon ƙarfe.

Kun san da abin da na fara. Lilon katako ne mai kujera biyu, ina ɗora shi a amalanken jaki ina bin kasuwanni, Illo, Kurgu, har Dole Kaina a kwale-kwale. Abin da ya raya mu shi ne zama a bakin iyaka. Shekarar da ganin wata ya saɓa, mu yi Sallah yau, 'yan'uwanmu na tsallaken Binin su yi gobe, to mai lilo ya samu Sallah biyu. Mu gama da yaran Illo, mu kwance, mu loda, gari na wayewa muna kafawa a can. Ko Sallah ta faɗo rana ɗaya, mutanen can sun san lilon Ɗanmusa na tafe, suna ajiye wa yaransu abin hawa. Da wannan na aurar da ku.

Na biyu. Haliru da Zainu, faɗanku ya ƙare, kada ya tashi bayan raina. Ba don tonon asiri zan maimaita shi ba, sai don jikokina su san abin da ya ci mu. Da na kwanta ciwo na miƙa muku kaya, Haliru ya ce a sa wa komai inji, Zainu ya ce turin hannu bai taɓa yar da ɗan kowa ba. Kuka raba kaya, kuka kafa a fili ɗaya, lasifikar wannan na kallon ta wancan. Mai shelar Haliru na kiran dawakan lilon Zainu jakunan ƙarfe, na Zainu na gaya wa iyaye mata injin Haliru zai wurga musu yara cikin kogin Kwara. Wannan ya rage kuɗin hawa, wancan ya rage ƙasa da shi, har aikinku ya koma na ladan gabe. A wannan shekarar kuwa ganin wata ya saɓa. Kowannenku ya ƙi motsawa daga Illo don kada a ce ɗan'uwansa ne ya kore shi. Yaran tsallake suka ci kwalliya suka jira a filin da na saba kafawa, ba wanda ya je.

Wani kamfanin wasanni daga birni yana kan hanya da manyan motocinsa. Ya tarar da fili ba kowa, yara cike. Ya hura gidajen iskan nan da ake tsalle a ciki, ya tayar da janareto, mai garin can ya ba shi wurin. Ba kamfani ne ya ƙwace mana Sallah ta biyu ba, mu muka ajiye ta a ƙasa ya tsinta.

Allah ya yi wa Asama'u albarka. Ita ce ta hana 'ya'yanta hawa lilon kowannenku, jikokin Mai Lilo suka yi Sallah a tsaye suna kallon yaran mutane, har kunya ta kama ku. Ita ce kuma ta lura kamfani yana da komai amma ba shi da abin da ke kai yaro sama ya hangi gari, kuma ɗayanku ba zai iya ƙera shi shi kaɗai ba. Haliru ya san inji bai san walda ba, Zainu ya san walda, inji kuwa ko na ban ruwa sai an tayar masa. Da haka ta haɗa ku kuka ƙera babban lilon nan. Saboda haka ƙofa da tikiti su zauna a hannunta, kuma in kun saɓa, ku fara kai mata kafin ku kai wa wani na waje.

Na uku. Manajan kamfanin ya aiko sau da yawa yana son sayen filinmu da sunanmu, kuma yanzu da lilon ya juya zai ƙara matsawa. Na san zai bi ku ɗaya bayan ɗaya, don ya riga ya ji labarin faɗanku. Kada wani ya amsa masa shi kaɗai. Amma kada ku ɗauke shi abokin gaba, neman abincinsa yake. Ku koyi abin da ya fi mu: shingen da yake kewaye injinsa da shi, ɗamarar da ake ɗaura wa yaro a kujera, layin 'yan mata daban da na samari. Ni ban yi tunanin waɗannan ba, kuma suna da kyau. Kada ku yi tseren rage kuɗi da shi, aljihunsa ya fi naku zurfi. Shi baƙon Sallah ne, ana watsewa yake naɗe kayansa. Ku ne ake kira ranar suna da walimar saukar karatu da ranar kasuwa. Matar da ta zo da mudun shinkafa ko busasshen kifi maimakon kuɗi, ku karɓa ku ɗora mata ɗanta, don a ƙofar kamfani korar ta za a yi.

Ku koma tsallake. An yi lilon nan ne yadda zai kwantu ya shiga mota. Ku biyu ku tafi tare da goro, ku gaida mai gari, ku ba shi haƙuri kan shekarar da aka bar yaransa a rana. Kada ku roƙi a tashi kamfani. Filin na da faɗi, ku kafa a gefensa, yara su zaɓa.

Na huɗu. Daga cikin sulusin da shari'a ta bar mini, rumfar zoɓo da ƙanƙara ta bakin ƙofa na ba wa Bilkisu, 'yar marigayi ɗan'uwanku Abdulnasir, tunda gadona ba zai kai gare ta ba. Kuma duk ranar Juma'a marayun gari su hau kyauta, kada a tambayi yaro shaidar maraicinsa. Zuhura kuwa ita ta tufka mini igiyar lilon farko. Ku riƙe ta da kyau, kada ta nemi abu sau biyu.

Na biyar. In an kira sallah a kashe lasifika da inji, ko layi ya kai bakin titi. Sannan ku riƙe ƙa'idata: ba a ɗora ɗan wani a kan abin da mai gida bai fara hawa ba. Yau buhunan yashi ne suka zauna a kujerun. Bayan raina wannan hawan na Haliru da Zainu ne, kujera ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Amma yanzu ina raye, nawa ne. Uwarku ta ce tsufa ya taɓa ni, na ce ta yi haƙuri, ƙa'ida ce.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni na yafe wa kowa. Ku ci a akushi ɗaya, ku yi Sallah a fili ɗaya, kada wani ya shiga tsakaninku.

Jibi Juma'a bayan la'asar zan hau. Asama'u, ki aika Kurgu da Bagudo da Dole Kaina, ki aika tsallake, har manajan kamfani a gaya masa akwai tabarmarsa. Masu dariya ma su zo, ba mu riƙe su ba. A kawo mini jikokina gaba, su tsaya inda zan gan su. In na kai can sama zan cire hula in ɗaga muku. Kowa ya zo ya gani.