Keken Baban Anissa

Greensboro, Maris 2008

Zuwa ga maigidana, Baban Anissa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya ciwon bayan nan naka? Suna ba ku abin rufa kuwa? Mu nan alhamdu lillahi. Anissa tana shan maganinta, kuma tunda shekarar nan ta kama, sikilar ba ta kwantar da ita ba.

Abuka, wato lauyanka, ya ce in daina yi masa sintiri, sai alƙali ya sa rana. Wai da lasisinka na tuƙi bai mutu ba, da fitilar mota da ta ƙone ba ta kai ka hannun jami'an shige da fice ba. Motar ma ta tafi, inda aka ajiye ta sun ce sai mai ita ya zo da kansa.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ka san bas ba ya shiga Irving Park, unguwar Madam Whitlow, tsohuwar da nake jinya. Sai na kai Anissa lakkol, makarantarsu, in hau bas, in sauka, sannan in yi ta sassarfa a ƙasa. Ran Talata 'yar tsohuwar ta tare ni a bakin ƙofa, tana murmushi ta ce in na sake makara za ta nemi wata. Ka san irin murmushin nan nasu.

Shi ya sa na sauko da kekenka na hawan dutse daga baranda. Kada ranka ya ɓaci. A Tessaoua ni nake kai wa babana abinci gona a kan keke, kuma ƙafata ba ta manta ba. Na sa wando ƙarƙashin doguwar riga. Sai dai ƙafar baya tana gurzo kamar ana niƙa tsakuwa, in na kama tayar na girgiza kuma sai in ji tana lilo. Ina jin lakar dajin nan ce da kake shiga ran Lahadi. Masu shagon kekuna sun ce in bar musu shi sai wani mako, ni kuwa kullum ina bukatarsa. Ka rubuto mini yadda ake gyarawa.

Anissa tana tambayarka da Turanci, ina amsa mata da Hausa cewa ka kusa dawowa. Allah ya sa ba ƙarya nake mata ba.

Taka har kullum,
Fassouma

Greensboro, Afrilu 2008

Baban Anissa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya haƙuri? Takardarka ta iso. Na ga faɗan da ka yi a shafin farko, na kuma ga zanen da ka yi mini a bayansa. Faɗan na karɓa, zanen na yi aiki da shi.

Ka ce in kira Moro maƙwabcinmu ya gyara. Ban kira shi ba. Ko yanzu bakin mutane yana kaina. Ran Juma'a a masallaci Hajiya Oumou ta ja ni gefe ta ce, "Fassouma, matar aure a kan keke tsakiyar titi, mijinki yana tsare? Ki ji tsoron bakin duniya." Na ce, "Hajiya, in akwai mai kai ni aiki kowace safiya, yau zan ajiye shi." To ina ga an ga namiji ya shiga ɗakina? Rukaya matar Moro ce ta kawo mini siraran kile ɗin nan na kwance noti da ƙarfen cire giyar keke, ta koma.

Ran Lahadi bayan azahar na shimfiɗa tsohon zane a kicin, na kifa keken, na cire ƙafar. Giyar ta ba ni wuya, sai da na danne da gwiwa. Na kwance notin gefen hagu kamar yadda ka zana, duk abin da na cire sai in zura shi a tsinken tsintsiya don kada in manta wanne ke bin wanne. Amma ba ka gaya mini in sa hannu a ƙasa ba. Ina zare sandan ƙarfen da ya ratsa cibiyar, ƙananan ƙwallayen boris suka zube, suka watse har ƙarƙashin firij. Da rarrafe na tsince su.

Baban Anissa, abin da na gani a ciki ba giris ba ne, baƙar laka ce da yashi. Na zuba kananzir a gwangwanin tumatir na wanke komai, na goge ramin cibiyar da tsumma har ya yi ƙyalli. Ƙwallayen duk sun yi tabo, Allah ya sa na riga na sayo sababbi kamar yadda ka ce. Na cika ramin da giris, na jera su ɗaya bayan ɗaya, giris ɗin ya riƙe su. Na mayar da sandan, na ɗaure.

Na juya ƙafar, ta ƙi motsi. Na sassauta, ta koma lilo. Na ɗaure, ta cije. Haka na yi ta yi har la'asar ta wuce ni. Nan na zauna a ƙasa, hannu duk baƙi, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kama ka. Da na yi salla na dawo, sai na lura in ina ɗaure notin waje, na ciki yana binsa yana ƙara matsewa. Na riƙe na cikin da kile ɗaya, na ɗaure na wajen da ɗayan. Ta juya sumul, babu ƙara. Tun ranar ban makara ba.

Yanzu maganar ƙarshen takardarka. Ka ce ka gaji, kana so ka sa hannu su mayar da kai gida. Na san ba ka barci, na san abin da ɗaki rufe yake yi wa mutum irinka. Amma don Allah ka jira alƙali. Kada ka sa hannu.

Matarka mai yi maka addu'a,
Fassouma

Greensboro, Yuni 2008

Maigidana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Abuka ya kira ni a wurin aiki ya gaya mini ka sa hannu. Sai da na shiga bayan gida na kulle don kada tsohuwar ta ga fuskata. Ban yi fushi ba. Ba ni ce a ciki ba.

Takardarka ta zo bayan haka. Ka ce in sayar da kujeru da firij da keken, in ɗauko Anissa mu same ka a Yamai. Na karanta ta har ta yi laushi a hannuna.

Abin da ban gaya maka ba, don kada in ƙara maka nauyi, shi ne makon jiya ciwon Anissa ya tashi. Ƙirjinta ya kama, numfashi yana yi mata wuya. Rukaya ta kai mu likita, nan da nan aka sa mata iska, aka ƙara mata jini. Yanzu tana gida, har ta fara rigimar sai ta ci shinkafa da wake. Ina zaune gefen gadonta a can, ba abin da nake gani sai Rabiou ɗanmu na fari a asibitin Maraɗi, kana yawo gari kana neman jini, ka dawo ka tarar an rufe shi da zanena. Shekarunsa ba su kai nata ba.

Ban sayar da keken ba, Baban Anissa. Ba zan sayar ba, don da shi zan ci gaba da zuwa aiki. Ka gane abin da nake nufi. Ba zan iya kai yarinyar nan inda muka binne yayanta ba, ba yanzu ba. Ban taɓa ƙin maganarka a kan babban abu ba tun da aka kawo ni gidanka. Ban san shekara nawa za mu yi ba. Ni ma ba ni da takarda, kowace safiya in na ga motar 'yan sanda sai in canza hanya. Amma muddin ba a kore ni ba, ina nan tare da ita.

An ce a inda kake tsare za a karɓi jaka ɗaya da za ka tafi da ita. Na sa maka kaftani biyu, da Alƙur'aninka, da man shafawa na bayanka, da hoton Anissa na lakkol. Jiya na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko a Nijar akwai tarho.

In ka sauka ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka kira ni ko kana fushi. Abin da nake roƙo guda ɗaya ne: ka ce ka yarda, don in zauna da izininka.

Ka yafe mini.

Matarka,
Fassouma